Sana'ar Duba Gida Kafin a Kama Haya ko a Saya

(Jawabin da wata mai horar da ƙungiyoyin asusun mata ta gabatar a zaman koyar da sana'o'i. A karanta shi a taron ƙungiya, sannan a tattauna.)

   

Duk lokacin da muka zauna maganar abin da za a yi da rance, sana'o'in da ake kawowa kusan iri ɗaya ne: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, awara, ɗinki, kiwon kaji, sabulun ruwa. Duk sana'o'i ne masu albarka. Amma kun san abin da ke faruwa idan mata goma a layi ɗaya kowa tana suyar awara. Yau sana'ar da na zo da ita ba ta buƙatar shago, ba ta buƙatar buhun komai. Jarinta ido ne da gaskiya da 'yan kayan aiki da ba su cika jakar hannu ba. Ita ce duba wa mutum gida kafin ya biya kuɗin haya ko kuɗin saye.

Yadda na shigo ta

Shekarun baya, da za a yi bikin ƙanwata, mijin yana aiki a wani gari, sai ya turo kuɗi aka kama musu ɗaki biyu da falo ta hannun wani dillali. A watan Fabrairu ne, ana sanyi da ƙura. Muka je muka ga gida ya sha sabon fenti, fes da shi. Muka yi jere, aka kafa gado da kujeru da kwabet, kayan da mahaifiyarmu ta yi shekara da shekaru tana zubin adashi kafin ta haɗa su. Babu wadda ta ɗaga kai ta kalli silin a cikinmu, mu dai labule muke gyarawa.

Da damina ta kankama, wani dare a watan Agusta aka kwana ana ruwa. Silin ɗin uwar ɗaka ya jiƙe ya rufto a kan gado. Allah ya kiyaye tana falo a lokacin, ga ta da juna biyu. Katifa ta tafi, kwabet ta kumbura ta ɓare, ruwan tsakar gida kuma maimakon ya fita waje sai ya dawo ta ƙarƙashin ƙofa. Mai gida ya ce shi ba shi da kuɗin gyara. Dillali ya ce shi ai ya gama nasa. Kuɗin shekara guda an riga an biya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da maƙwabciyarsu ta shigo jaje ta ce, "Ai da kun tambaye ni. Waɗanda suka tashi ma abin da ya kore su ke nan." Kun ji fa. Tambaya ɗaya da ta tsare mana dukiyar shekaru.

Daga nan duk wanda zai kama gida a danginmu sai na ce a bari in je in gani tukuna. Tun ina yi kyauta, har wata rana wata baiwar Allah da ban sani ba ta kira ni ta ce an ba ta lambata, nawa zan karɓa? A ranar na gane ashe sana'a ce.

Kuma kada ku ɗauka ni na ƙirƙiro ta. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta. Wanda zai sayi gida shi ke ɗauko mai dubawa ya biya shi, ya yi awa biyu zuwa uku yana bin gidan lungu-lungu, sannan ya rubuta masa rahoto kafin a ƙulla ciniki. Masu wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu tun 1976, kuma a jihohi da dama na ƙasar sai da lasisi ake yin sa. Mu a nan ba mu kai can ba, amma buƙatar iri ɗaya ce: mutum zai zuba kuɗi mai yawa a kan abin da bai san cikinsa ba.

Me ya sa mace?

Wata za ta ce, "Wannan ai aikin maza ne." To ku saurara. Yawancin gidajen da ake sa wa a kasuwa, akwai mutane a ciki ba su tashi ba tukuna. Gidan matan aure ne, an rubuta "ba shiga" a zaure. Namiji in ya zo, sai a yi sallama, mata su shige ɗaki ɗaya, ya leƙa tsakar gida minti biyar ya fita. Ke kuwa za ki shiga har uwar ɗaka, ki shiga kicin, ki shiga banɗaki, ki zauna a tabarma ki sha ruwa da matar gidan. Ita ce ta san kwanon da ke yoyo, ita ce ta san watan da rijiya ke ƙafewa, domin ita ke tara roba idan ana ruwa, ita ke neman mai ga-ruwa idan babu.

Na biyu, dillali ba maƙiyinmu ba ne, neman halalinsa yake. Amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Don haka ba za ki sa ran shi zai nuna wa mai kamawa aibin gida ba. Ke kuwa ladanki yana nan ko an kama ko an fasa. Wannan shi ne bambancinki da shi, kuma shi ne abin da kike sayarwa.

Su wa za su neme ki? Iyayen amarya. Ango da ke aiki a Legas ko Abuja ko Saudiyya yana son a kama masa gida a nan. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Bazawara ko matar da mijinta ya rasu da ta samu ɗan gadonta tana son ta sayi ɗan gida ta zauna da marayunta. Irin wannan ta ƙarshen, in aka cuce ta, ba ta da wani kuɗin da za ta sake.

Kayan aiki

Tocila mai haske sosai. Tef ɗin awo. Tasta, wato ɗan sukudireban nan mai kawo wuta da masu gyaran lantarki ke amfani da shi. Cajar waya, don gwada soket. Dogon ƙusa ko tsohon makulli na ƙwanƙwasa bango. Bokiti, wannan ma a gidan za ki ara. Littafi da biro da fensir. Waya mai ɗaukar hoto. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba, ba silifas ba. In hali ya yi, ki ƙara da ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya da magina ke duba miƙewar bango da shi. Shi ke nan.

Yadda ake bin gida

Ki riƙe tsari ɗaya kullum, don kada ki manta wani abu: daga waje zuwa ciki, daga sama zuwa ƙasa, sannan ruwa, sannan wuta, sannan maƙwabta.

*Daga waje.* Kafin ki shiga, ki tsaya a bakin titi ki kalli gidan. Titi ne ya fi shi tudu, ko shi ya fi titi? In dandamalin ƙofa ya yi ƙasa da hanya, ruwan layin duka gidan zai nufa. Ki duba lambatu: akwai shi? A toshe yake da leda da yashi? In kin ga an ɗaga bakin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, ko kin ga buhunan yashi a jingine, gidan ya gaya miki labarinsa da kansa. Ki duba katangar waje da ta maƙwabta, ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwantawa ya bar shaida. Bayan ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, babu wanda zai ce wannan ƙaramar magana ce. Sannan ki ɗaga kai: in manyan wayoyin wuta masu ƙarfi sun bi ta saman gidan, ki rubuta shi a sahun farko na haɗari.

*Rufi.* Kada ki hau. Na ce kada ki hau, ba aikinki ba ne. Daga ƙasa za ki ga kwanon da ya yi tsatsa, wanda ya ɗage, da wanda aka danne da duwatsu ko tsohuwar taya. A cikin ɗaki, ki haska silin. Tabo mai ruwan ƙasa kamar an zubar da shayi, yoyo ne. Silin da ya yi ciki ya lotso, ya sha ruwa. Inda babu silin, ki rufe ƙofa da taga da rana tsaka ki kalli sama, duk inda haske ya shigo, ruwa ma zai shigo. In gidan ƙasa ne, ki duba azara ko ta lanƙwasa, ki duba indararo ko yana zubar da ruwa nesa da bango ko a jikinsa yake tsiyaya. In kuma dakin ne na siminti, abin tsoro shi ne ki ga simintin yana ɓantarewa, rodi ya fito ya yi tsatsa.

*Bango.* Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ba kowace tsaga ce abin tashin hankali ba. Akwai siririya kamar gashi da ke kan filasta kawai, wannan ta fenti ce. Wadda za ki tsaya a kanta ita ce wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace kamar matakala, ko wadda bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ko wadda kika gani a ciki kika zagaya waje kika same ta a daidai wurin. In tsinken ashana yana shiga cikinta, ki ɗauki hoto. In kuma ƙofar da ke kusa da ita ba ta rufuwa sai an danna da kafaɗa, alama ce ginin yana motsi. Nan ba ke za ki yanke hukunci ba, za ki ce a kira injiniya.

Ki ƙwanƙwasa filasta da makulli. In ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bulo, zai zubo. Inda bulo yake a fili, ki karce shi da ƙusa. In yana zuba kamar garin kwaki, an yi rowar siminti. Ki sunkuya ki duba ƙasan bango daga dabe zuwa gwiwa: fenti yana kumbura yana ɓarewa? Akwai farin abu kamar gishiri? Danshi ne ke tasowa daga ƙasa, shi ne ke ruɓar da bayan kwabet, ya sa tufafi warin rima, ya dami mai asma. Kuma ki riƙe wannan: in kin ga bango ɗaya tak ya sha sabon fenti, sauran tsofaffi ne, ki tambayi dalili.

*Gara da sauran baƙi.* Ki duba jikin katakon ƙofa da taga da bayan ƙofa, ko akwai siririn hanyar ƙasa da gara ke ginawa. Ki soka ƙusa a katako, in ya shige kamar cikin burodi, an cinye cikinsa. Ki haska ramukan bango da kusurwoyi saboda kuɗin cizo, za ki ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Ki duba ramin ɓera a kicin.

*Iska.* Ɗaki mai taga ɗaya ƙarama, a watan Afrilu ba ya kwantuwa, kuma cunkoso a ɗaki marar iska a lokacin zafi yana cikin abin da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa. Ki duba ko tagogi suna fuskantar juna yadda iska za ta ratsa. Ki duba inda ake ajiye janareta, na gidan da na maƙwabta. Hayaƙinsa yana da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci, don haka in bayan tagar ɗakin kwana yake, ki faɗa. Kicin da za a sa tukunyar gas ma dole ya kasance da taga.

*Ruwa da banɗaki.* Nan ne bokiti ke aiki. Ki cika shi ki kwara a banɗaki, ki tsaya ki gani: ruwan ya nufi rariya, ko ya kwanta, ko ya nufo ƙofa? Ki sake kwarawa a tsakar gida. Ki kwara a masai ki ga ko yana wucewa da sauri. In yana tafiya a hankali yana gurnani, ko dai ramin ya cika ko bututu ya toshe. Ki tambayi yaushe rabon da a kwashe. Ki duba murfin sokawe ko na shadda daga gefe, kada ki taka shi, musamman in ya tsage. Mutane sun sha ruftawa.

In akwai rijiya, ki auna tsakaninta da ramin masai, na gidan da na maƙwabta ta bayan katanga. Abin da masana tsaftar ruwa ke so shi ne mita 30, wato kamar taku arba'in. Na san a cikin gari da wuya a samu haka. Amma in kika ga taku biyar ne ko shida, ki gaya wa mai kamawa kada ya sa ran shan ruwan nan ba tare da an tafasa ko an sa masa magani ba, domin ta nan taifot da kwalara ke shigowa. Ki ja ruwan ki duba launinsa, ki sansana. Ki duba ko rijiyar tana da murfi mai kulluwa, saboda yara.

*Wuta.* Ki gwada kowane soket da cajarki. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko ya narke, ya taɓa yin zafi. Wayoyi a fili da aka naɗe da baƙin salatif, ki ɗauki hoto daga nesa, kada ki taɓa. Ki taɓa tasta a jikin ƙofar ƙarfe da famfo, in ya kawo haske, wuta tana zirarewa, haɗari ne babba. Sannan ki tambayi mita. Ta kati ce ko bil ake kawowa? Gida nawa ke kanta? Akwai tsohon bashi? Wannan ya sha cin mutane: ka shiga gida, ka sa kati, a riƙa zaftare maka bashin wanda ya tashi. Ki karɓi lambar mitar, mai kamawa ya je ofishin kamfanin wuta ya tambaya, KEDCO ne a Kano da Jigawa da Katsina. In kuma kin lura an zagaye mita an ja waya ta bayan fage, ki faɗa, domin ranar da aka kama, wanda ke cikin gidan za a fara tuhuma.

*Maƙwabta.* Kada ki tafi ba ki gaisa da mutum uku ba: matar da ke jikin katanga, mai shagon layi, da mai ga-ruwa. Me ya tashi waɗanda suka bar gidan? Ruwa yana shiga? Ɓarayi fa? Ya mai gidan yake da 'yan haya? Rabin rahotonki daga bakinsu zai fito.

Inda aikinki ya tsaya

Wannan sashen ku buɗe kunne da kyau, domin shi zai hana ku shiga uku.

Ke ba injiniya ba ce, ba lauya ba ce, ba mai yi wa gida kuɗi ba ce. Waɗannan ayyuka ne na masu rajista. Injiniyoyi suna ƙarƙashin hukumar COREN, ƙwararrun magina suna ƙarƙashin CORBON. Kada ki taɓa kiran kanki da sunansu, kada ki taɓa ce wa mutum, "Ginin nan lafiya lau yake, ba zai faɗi ba." Abin da za ki ce shi ne, "Ga abin da na gani da idona ranar kaza, ga abin da ban samu damar gani ba." In bene ne, ko kin ga tsaga irin wadda na kwatanta, ki ce a ɗauko injiniya. Ki nemi lambar guda ɗaya mai amana ki ajiye.

Haka maganar takardu in saye ne. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma takardar shaidar mallaka da ake kira C of O daga gwamnati take fitowa. Ke ba za ki iya gane ta gaske da ta bogi da ido ba. Abin da za ki yi shi ne ki tura mai saye ofishin filaye na jiha a bincika, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ya kuma nemi lauya. Amma akwai abin da za ki iya: ki sa a tambayi mai unguwa ko gidan gado ne, an raba ko ba a raba ba, duk magada sun yarda? Ba a banza kuke ganin an rubuta a jikin wasu gidaje cewa ba na sayarwa ba ne. Rigima ce a bayan rubutun.

Rahoto

Kada ki dawo ki ce, "Gidan dai ba laifi." Ba don wannan aka biya ki ba. Ki raba abin da kika gani gida uku. Na ɗaya, abin da zai iya taɓa rai ko lafiya. Na biyu, abin da ya kamata mai gida ya gyara kafin a biya shi. Na uku, ƙananan abubuwa da za a iya zama da su. Ki sa kwanan wata. Ki haɗa da hotuna. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, wadda ba ta rubutu ta yi saƙon murya a WhatsApp tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ta goge. Ranar da aka zo ana cewa ba ki faɗa ba, shi zai fitar da ke.

Ki ba mai kamawa shawara guda: duk gyaran da mai gida ya yi alkawari, a yi shi kafin a biya, ko a rubuta a takarda da shaidu cewa za a cire daga kuɗin haya. "Ku shiga, za a gyara" ita ce maganar da ta cinye katifar ƙanwata.

Amana

Wata rana za ki gama duba gida, mai gidan ko dillali ya biyo ki zaure ya miƙo miki wani abu a dunƙule ya ce, "Hajiya, ga na mota." Wallahi ya faru da ni, kuma a ranar ina da buƙatar kuɗin. Kada ki karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kin karɓa, bakinki ya mutu. Mutum ɗaya ke biyan ki, shi ne wanda ya aike ki.

Sannan sirrin gidan mutane. Kin shiga uwar ɗakan wata, kin ga halin da take ciki. Bango aka aike ki ki duba, ba tukunyarta ba. Kada ki ɗauki hoton mutum ko kayansa, ki nemi izini kafin ki ɗaga waya, kuma abin da kika gani kada ya zama hira a gidan suna. Ranar da aka san ki da surutu, ƙofofi za su rufe.

Sai tsaron kanki. Kada ki je duba kango ko gidan da babu kowa ke kaɗai, ki tafi da 'yar uwa daga ƙungiya ko ɗanki babba. Ki je da rana. Maigida ko wani babba a gida ya san inda kika tafi da lambar wanda ya kira ki. Ku zauna da maigidan tun farko ku fahimci juna a kan aikin, kada ya ji a bakin mutane.

Lissafi da rance

Tsarin asusun nan da muke bi, na akwati mai kwaɗo uku, a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ya faro a 1991, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta taimaka aka kafa. Dokarsa kun san ta: mace tana iya rancen har ninki uku na abin da ta tara. Amma don an ce kina iya ɗaukar dubu talatin, ba shi ne ki ɗauka ba. Ki je kasuwa ki tambayi kuɗin tocila da tef da tasta da takalmi, ki ranci daidai wannan. In kina da waya mai hoto, kada ki ci bashi don sabuwa.

Ga misalin yadda za ki yanke farashi, ku sauya lambobin daidai da garinku. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa ke da 'yar rakiya naira 1,500. Ladan 'yar rakiya 1,000. Data da kati 500. Kin kashe 3,000 ke nan. In kika karɓi 3,000 kina murna, aikin banza kika yi. Ki ɗora ladan wahalarki, a ce 2,000, ya zama 5,000. Gida huɗu a wata, ribarki 8,000. Gidan saye ya fi na haya aiki da nauyi, kuɗinsa ya fi. Ki karɓi rabi kafin ki fita, rabi in kin kawo rahoto. In mutum ya ce ya yi tsada, ki tambaye shi nawa zai biya na shekara, nawa kuma katifa take yanzu.

Ba zan yaudare ku ba, ba sana'a ce da za ta riƙe gida ita kaɗai a shekarar farko ba. Tana da lokaci: gabanin azumi da bayan sallah da ƙarshen shekara, lokacin bukukuwa, aiki yana yawa. Wani watan ko kira ɗaya babu. Don haka kada ki saki sana'arki ta yanzu, kuma kada biyan rancenki ya dogara a kan wannan kaɗai. Unguwa ɗaya ma ba ta ɗaukar masu dubawa biyar. Mace biyu a ƙungiya sun isa, su riƙa tafiya tare.

Ta ina za a fara?

Wadda ta ji tana so, ga aikin wata guda. Mako na farko, ki nemi magini da mai gyaran famfo da mai gyaran wuta a cikin dangi ko unguwa, ki roƙe su su zagaya gidanku da ke suna nuna miki abin da suke dubawa. Ki ba su ɗan goro, ilimi ne kike saye. Mako na biyu da na uku, ki duba gidajen 'yan ƙungiya goma kyauta, ki yi wa kowanne rahoto kamar an biya ki. Mako na huɗu, ki kawo rahotannin taro a karanta, masu gidajen su faɗa miki abin da kika tsallake. In damina ta zo, ki koma waɗannan gidajen bayan an ɗauke ruwa ki ga ko abin da kika hango ya tabbata. Babu malamin da ya kai wannan.

Talla kuwa, ba sai kin buga kati ba. Ki gaya wa masu kitso, masu lalle, masu gyaran amare da dillalan kayan ɗaki, su ne ke fara jin labarin biki. Ki faɗa a makarantar Islamiyya. Gida ɗaya da kika hana wata shiga ta yi asara, zai kawo miki biyar.

Kafin mu tashi, ina so kowacce ta yi abu ɗaya yau in ta koma gida, ko tana sha'awar sana'ar ko ba ta sha'awa: ta ɗauki tocila ta haska silin ɗin ɗakin da 'ya'yanta ke kwana, ta kuma ƙirga taku daga rijiya zuwa masai. Mako mai zuwa kowa ta zo ta faɗa mana abin da ta gani.

Allah ya sa wa asusunmu albarka, ya tsare mu da cin amana, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Mai tambaya ta ɗaga hannu.